Masu toshe wa bam kunne

Bam ɗin da ake binnewa a gefen hanya, a tayar da shi daga nesa, saƙo yake jira ta iska. Akwai mutanen da sana'arsu ita ce hana wannan saƙo isa. Aikin ya bunƙasa ne a Iraƙi bayan 2003, lokacin da ake tayar wa sojojin Amurka bama-bamai da rimot ɗin ƙofar gareji da wayar salula.

Kayan aikin farko daga ramin fashewa suke fitowa: guntun waya, ƙonannen allon lantarki, ragowar batir. Injiniya zai baje su a kan tebur har ya gano zangon rediyon da maharin ya bi. Sai a rubuta wannan bayani a ɗura wa na'urar toshe sigina, irin su Warlock da Duke, wadda ke cika zangon da hayaniya har bam ya kasa jin umarni.

Daga nan sai makanikin sansani. Shi ke ɗaura akwatin na'urar a mota, ya kafa eriya, ya ja wayoyi. Da asuba, kafin ayari ya tashi, zai bi motoci ɗaya bayan ɗaya da na'urar gwaji, yana kakkaɓe ƙura, yana ɗaure duk mahaɗin da girgizar hanya ta sassauta. Sojan ƙafa kuwa goya tasa yake yi, irin Thor III, ga nauyin batir, ga zafin rana.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Na'urorin farko sukan toshe har oba-oban masu su, abin da ya sa a 2006 sojin ruwan Amurka suka tura ƙwararrunsu Iraƙi don daidaita zanguna. Maharan ma sukan sauya dabara, su koma wa doguwar waya ko bam ɗin da ake takawa, waɗanda na'urar ba ta da iko a kansu.

Gwamnati ce mai saye, kuma biliyoyin daloli aka kashe. Kamfanoni irin SRC suka ci kwangila, sojan da ke kula da akwatin kuwa albashinsa ne kawai. Ba shi da lissafin rayukan da ya ceta, domin bam ɗin da bai tashi ba, sau da yawa ba a ma san da shi ba. Wanda ke yin aikinsa tsakani da Allah a irin wannan hali ya cancanci girmamawa.