Toshe jijiyar ƙwaƙwalwa: abin da ciwon ƙanwata ya koya mini

Ranar da ƙanwata ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, a gidanmu na Maiurno kudu da Sinnar, kowa ya ce iska ce. Inna ta aika aka karɓo rubutu, aka yi ruƙiyya. Ni ma da nake malamin makaranta ban ce uffan ba. Sai da ta sake faɗuwa, ga ciwon kai har da amai, sannan muka kai ta Wad Madani aka ɗauki hoton kanta. A 2022 ke nan.

Likita ya ce akwai curin jijiyoyin jini da suka harɗe a ƙwaƙwalwarta, mai yiwuwa tun haihuwa, kuma ya ɗan tsiyaya. Ya ce, "Ustaz, ka san ruwan Jazira: daga babbar tur'a sai ƙarama, sai abu ishirin, kafin ya shiga hawasha. A kanta an tsallake ƙananan hanyoyin, jini na kwarara da ƙarfinsa cikin jijiyar da ba za ta jure ba."

Baba ya sayar da shanu biyu, dangi suka yi karo-karo, muka tafi Alkahira. A can aka bayyana mana aikin: ba a fasa kai. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa, a tura wani ruwa mai daskarewa, irin su Onyx, ya toshe curin.

Amma fa likitan bai ɓoye mana komai ba. Ruwan na iya toshe lafiyayyar jijiya, a samu shanyewar ɓarin jiki. Curin na iya fashewa ana cikin aiki ko bayansa, har a rasa rai. Kuma sau da yawa toshewar kaɗai ba ta gama da shi, sai an haɗa da tiyata ko haske.

Daga baya na karanta binciken ARUBA na 2014, kan mutum 223 da curinsu bai taɓa fashewa ba. Cikin kusan shekara uku, kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun samu shanyewar jiki ko sun rasu, alhali masu shan magani kawai kusan kashi 10 ne. Wanda nasa ya riga ya zubar da jini kuwa, lissafinsa daban, don yana iya sakewa.

Daren aikin ta ce mini, "Yaya, in ban farka ba ka riƙe Inna." Na sa hannu a takarda ina rawar jiki.

Ta farka, alhamdu lillahi, sai dai hannunta na hagu ya yi watanni kafin ya riƙe kofi. Curin bai toshe duka ba, aka ce mu dawo. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamba. Har yau ba mu koma ba, maganin farfaɗiya kawai take sha.

Jama'a, a yi addu'a, a kuma ɗauki hoto. In an ce aiki, ku tambayi likita: ya taɓa fashewa? Zama nawa za a yi? In an bar shi fa, me zai faru?