Adon Bango: Kada Ya Zama Sanadin Kuka

Ɗan'uwa mai karatu, ɗaga kai ka dubi bangon ɗakinka. Me ke rataye a kai? A gidaje da yawa a Tamale da ƙauyukan kewaye za ka ga agogo, ko madubi mai firam ɗin ƙarfe, ko adon da masu walda ke ƙerawa ana sayarwa a kasuwar Aboabo. A majami'u kuma akwai gicciyen ƙarfe. Ado abu ne mai kyau. Amma sau da yawa ƙusa ɗaya ce tal ke riƙe da shi, a ƙarƙashinsa kuwa ga tabarmar da jariri ke barci.

Kan jariri bai gama ƙwari ba. Maɗigarsa takan kai kamar wata 18 kafin ta rufe. Ƙarfen da zai yi wa babba ƙulu kawai, yana iya fasa kan yaro. In abin ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma shi ne ya ba mu hankalin duba ƙusa.

Me ya sa ƙusa ke saki?

Bangon laka ba ya riƙe ƙusa da kyau. Da damina yana shan danshi ya yi laushi, da hunturu ya bushe ya tsage. Kowace bugawar ƙofa tana ƙara faɗin ramin kaɗan kaɗan. Igiya tana ruɓewa, gara tana cin katako, tsatsa tana cin waya. Sai iskar hadarin farko ta zo a watan Afrilu ko Mayu, ta ƙarasa aikin.

Yadda za ka rataya

Duk abin da ba ka iya ɗagawa da hannu ɗaya cikin sauƙi, mai nauyi ne.

A bangon bulo, kada ka dogara da ƙusa. Sa kafinta ya huda da na'ura, ya cusa fulogin roba, ya ɗaura sukuru mai kauri, wuri biyu, ba ɗaya ba. Kada a huda daidai sama ko ƙasa da soket, domin wayar lantarki takan bi ta nan.

A bangon laka, tun ran gini tun ran zane: a binne guntun azara cikin bangon lokacin gini, a riƙa ɗaurawa a jikinta. In ba a yi haka ba, gara ka kafa sanda mai ƙarfi a ƙasa, ko ka ajiye adon a inda ba zai faɗo ba.

In an gama, ja shi ƙasa da hannu biyu. Idan ya motsa, ko ƙasa ta zubo daga ramin, sauke shi. Kada ka rataya abu mai nauyi a saman gado, ko tabarma, ko bencin yaran makarantar Lahadi. Ka sake dubawa sau 2 a shekara: kafin ruwan farko, da bayan damina.

Idan ya faɗo wa mutum

Danne raunin da tsumma mai tsabta na minti 10, ba ɗagawa. Wanke ƙaramin rauni da ruwa mai tsabta da sabulu. Ban da toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, domin cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar cutar sarƙewar haƙora take zaune. Kawo shi asibiti ranar, a duba ko yana bukatar ɗinki da allurar rigakafi.

Kada ka jira gari ya waye idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: suma, amai a kai a kai, barcin da ba a iya tashe shi, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko maɗigar jariri ta kumbura. Kira motar asibiti a lamba 112. Irin wannan rauni yakan kai mutum har Asibitin Koyarwa na Tamale. Ko da yaron ya tashi yana wasa, a sa masa ido kwana 2, domin jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali.

Yau, kafin ku kwanta, ka taɓa kowace ƙusa da hannunka. Ubangiji ya kiyaye gidanka da 'ya'yanka.