Yadda Ake Gane Kwanakin Kwikwiyo

Kare dabba ce mai amfani ga mafarauci da makiyayi da mai neman tsaron gida. Wanda ke son kare nagari yakan same shi tun yana kwikwiyo, ya rene shi da kansa. Amma kafin ya raba shi da uwarsa, wajibi ne ya san kwanakinsa, gama kwikwiyon da aka cire daga nono da wuri yakan rame, wani lokaci ma ya mutu.

Girman jiki ba ya nuna kwanaki, domin karnuka iri-iri ne, waɗansu manya, waɗansu ƙanana. Mai hankali yakan dubi abu huɗu, watau cibiya, da ido, da tafiya, da haƙora.

Karya takan ɗauki ciki wajen kwana 63, sa'an nan ta haihu. Ana haihuwar kwikwiyo idonsa a rufe, kunnensa a toshe, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Igiyar cibiyarsa takan bushe ta faɗi cikin kwana 3 ko kusa da haka. Saboda haka in an ga cibiya ba ta faɗi ba, to, haihuwar jiya ne ko shekaranjiya. Idonsa yakan buɗe tsakanin kwana 10 da 14, kunnensa kuma ya buɗe jim kaɗan bayan wannan. Da farko jan ciki yake yi. In ya kai mako 3 sai ya fara miƙewa, yana tafiya yana tangaɗi. In ya kai mako 4 kuwa, sai wasa da 'yan'uwansa.

Daga nan haƙora su ne babbar shaida. A ɗaga leɓensa a hankali, a dubi dasashi. Haƙoran farko sukan fara tsirowa wajen mako 3 zuwa 4, farare, ƙanana, masu tsini kamar allura. Kafin ya cika mako 8 sun kai 28. A lokacin nan ne ya isa yaye, ya iya cin abinci da kansa, ana iya kai shi wani gida ba tare da ya cutu ba.

Kamar yadda yara ke famfara, haka kwikwiyo ke yi. Wajen wata 4 sai haƙoran gaba su zube, manya su fito a gurbinsu. Manyan fiƙoƙi sukan fito wajen wata 5 zuwa 6. In ya kai wata 7, haƙoransa na girma sun cika 42.

Sanin kwanakin nan yana da wani amfani kuma. In kwikwiyo ya cika wata 3, sai a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, mugun ciwon da ke kashe mutumin da mahaukacin kare ya ciza. Yaro kuwa kada ya taɓa kwikwiyo sai da babba a kusa, gama karya mai jego ba ta da haƙuri. Wanda ya duba bakin kwikwiyo kuma ya wanke hannunsa da sabulu.

Tambayoyi
1. Don me girman jiki ba ya nuna kwanakin kwikwiyo?
2. Yaushe idon kwikwiyo ke buɗewa?
3. Haƙora nawa ke bakin babban kare?