Kik: yadda ake ƙera bugun da filin rawa ya dogara a kai

A gidajen rawa na Balin da Ditiroyit akwai sauti guda da ke maimaita kansa wajen sau 125 zuwa 135 a kowane minti, tun daga tsakar dare har gari ya waye. Masu haɗa kiɗa suna ce masa kik. Asalinsa babbar gangar nan ce da makaɗan jaz ke bugawa da ƙafa, wadda William Ludwig ya ƙera wa matakin ƙafa mai inganci a Shikago a 1909. A shekarun 1970 makaɗan disko irin su Earl Young na Filadelfiya suka mai da ita mai bugu huɗu a jere cikin kowace gaɓa, ba tsallake. Amma kik ɗin da ake takawa yau babu fata babu itace a jikinsa. Wutar lantarki ce, ko lissafin kwamfuta, kuma mutum ne ke zama ya ƙera shi.

Labarin ya faro ne daga wani inji da kasuwa ta juya wa baya. A 1980 kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa, ya fitar da injin ganga mai suna TR-808 a kan dala 1,195. Ƙwararrun makaɗa suka raina shi don bai yi kama da ganga ta gaske ba, suka fi son LM-1 na Roger Linn mai ɗauke da naɗaɗɗen sautin ganguna, duk da kuɗinsa ya kai wajen dala 5,000. TR-808 guda 12,000 ko kusa da haka aka ƙera, aka daina a 1983. A wannan shekarar TR-909 ya fito, shi ma bai daɗe a kasuwa ba. Da injinan suka koma shagunan kayan hannu a farashi mai sauƙi, sai matasan baƙar fata na Shikago da Ditiroyit suka saye su. Mai haɗa kiɗa Derrick May na Ditiroyit ne ya sayar wa takwaransa Frankie Knuckles na Shikago da 909, kuma a kan bugun injin nan aka gina kiɗan haus da tekno.

Injinan biyu ba hali ɗaya gare su ba. Kik na 808 gurnani ne mai laushi, yana kaɗa iska wajen sau 50 a daƙiƙa, kuma ana iya jan wutsiyarsa ta yi tsawo sosai. Na 909 gajere ne mai kaifi, dukansa a ƙirji yake sauka. Shi ya sa 808 ya zauna a hip-hop, 909 kuma ya riƙe filin rawa mai sauri.

To, mene ne a cikin bugu guda? Abu uku ne ke faruwa a ƙasa da rabin daƙiƙa. Da farko akwai ɗan "tas" mai kaifi, kamar saukar gula a kan fata, wanda shi ke sanar da kunne cewa bugu ya zo. Sai sautin ya faɗo da sauri daga sama, daga kaɗawa ɗaruruwa a daƙiƙa zuwa wajen 50, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan wutsiya, gurnanin da ke dusashewa. Wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata, ya buga, ya saki, ya ji muryar ta gangaro ƙasa, ya riga ya fahimci mataki na biyu. Bambancin kawai shi ne a kik saukar tana da sauri ƙwarai, har kunne ba ya jin ta a matsayin gangarowa, sai dai a matsayin duka. A jinkirta saukar kaɗan, sautin ya koma "piyu" irin na wasan yara. A gaggauta ta fiye da kima, ƙarfin dukan ya ɓace. Duk gwanintar tana cikin wannan ɗan tsakanin, kuma kunne ne ke gano shi, ido ba ya iyawa.

A ganina, wutsiya ce inda aka fi yin ɓarna. Sabon mai haɗa kiɗa yana son kik mai girma, sai ya ja ta ya yi ta ja. Amma lissafi ba ya ƙarya: a gudun bugu 125 a minti, tazarar da ke tsakanin bugu biyu ba ta kai rabin daƙiƙa ba, kuma cikin wannan ɗan fili ne bes, wato sautin ƙasa mai kauri na waƙar, zai yi maganarsa. Idan kik ya cinye filin, su biyun sai su cakuɗe su zama taɓo. Rage wutsiya sau da yawa ya fi ƙara murya amfani. Akwai kuma dabarar da ke sa bes ya sunkuya duk lokacin da kik ya sauka, ya ɗago bayan ya wuce. Faransawan nan biyu na Daft Punk sun zurfafa ta har numfashin da take haifarwa ya zama alamar kiɗansu.

Kik yana da murya kamar kowane kayan kiɗa. Kaɗawa 49 a daƙiƙa sautin G ne, 55 kuwa A. Idan waƙa tana kan G, wutsiyar kik mai tsawo kuma ta tsaya a wani wuri dabam, za a ji wani rashin jituwa a ƙasa wanda mai sauraro ba zai iya faɗin sunansa ba, amma jikinsa zai ƙi yarda.

Sai batun ɗora kik a kan kik. Intanet cike take da dubban sautukan da aka riga aka shirya, kuma mutum kan ɗauki uku ko huɗu ya haɗa da fatan samun ƙarfin dukkansu. Sau da yawa akasin haka ake samu. Idan ɗaya yana tura fatar lasifika waje a daidai lokacin da ɗayan ke jan ta ciki, sai su kashe juna, a wayi gari da sauti marar nauyi. Ni dai na fi ganin darajar wanda ya zauna da kik guda ya sassaƙa shi har ya dace da waƙarsa. Ko masu kiɗan da ake kira "gabber" na Rotadam, da suka shahara a farkon shekarun 1990 da bugu mafi muni a kunne, 909 guda suka ɗauka suka tura shi cikin na'ura fiye da ƙarfinta har ya yage ya zama ƙara mai amo.

Wannan yagewar tana da wani amfani da ya shafi duk mai haɗa kiɗa a yau, ko a Johannasbag yake yana haɗa amapiyano ko a sutudiyon Kano. Yawancin masu sauraro a waya suke jin waƙa, kuma ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da kaɗawa 50. Kik mai tsabta irin na 808 ɓacewa yake yi ɗungurungum. Idan aka ɗan yaga shi, sai ya haifi 'ya'yan sauti a 100 da 150 da 200, waɗanda waya ke iya fitarwa, ƙwaƙwalwa kuma ta cike gurbin na ƙasan da kanta. Ɗakin aikin ma yana yaudara: igiyar sauti mai kaɗawa 50 tsawonta ya kusa mita 7, don haka a ƙaramin ɗaki takan taru a kusurwa ta ɓace a tsakiya. Kafin a ce kik ya nuna, sai an saurare shi a abin kunne, a mota, a waya, kuma in da hali a manyan lasifikun gidan rawa kafin jama'a su iso.