Ko Ka Sani? Ɗan Ma'ajin da Ke Cikin Fawa Banki

Ko ka san cewa batirin da ke cikin fawa banki, wanda mutanen Gaya da Ajingi suka riƙa abokin zama saboda ƙarancin wutar lantarki, ba shi da ƙarfin da zai ciyar da wayarka kai tsaye? Batirin litiyam-ayon, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, idan ya cika maƙil ƙarfinsa bolt 4.2 ne, idan kuwa ya kusa ƙarewa sai ya sauko wajen bolt 3, alhali ƙa'idar ramin USB bolt 5 ce. Mai cike wannan giɓi wani ɗan baƙin abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, wanda masu gyara ke kira aisi.

Hikimarsa ita ce ya saki wuta cikin ɗan kwayil, watau naɗin zaren jan ƙarfe, har ƙarfin maganaɗisu ya taru, sa'an nan ya datse ta farat ɗaya, kwayil ya amayar da abin da ya tara a bisa ƙarfin batir, haka ya yi ta maimaitawa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, har bolt 5 ya tabbata. Amma fa bai ƙirƙiri komai ba, domin abin da ya ƙaru a ƙarfi ya ragu a yawa. Shi ya sa fawa bankin da aka rubuta wa 10,000 mAh ba ya ba da fiye da 7,400 mAh a lissafi, kafin ma a cire rabon da zafi ya ci.

Aikinsa na biyu amana ce irin ta ma'aji: yana lura da abin da ya shiga da abin da ya fita, ya tsayar da caji idan an kai haddi, ya rufe ƙofa kafin batir ya zube ƙasa, wani irinsa ma har zafin batir yake aunawa, ya ƙi karɓar caji idan ya zarce wajen digiri 45, abin da kan faru a bazara cikin rumfar kwano. Sai dai shaidarsa ƙarfin batir ce, tsohon batir kuwa mai shaidar zur ne, yakan nuna ƙarfi sa'ad da yake hutawa, da an ɗora masa nauyi sai ya durƙushe, fitilu biyu masu nuna ragowar caji na ci amma wuta ta ɗauke.

Saboda haka gwanin mai gyara, ko a kasuwar Gaya yake ko a Farm Centre ta Kano, ba ya gaggawar yanke wa aisi hukunci. Yakan fara kakkaɓe ƙurar hunturu daga rami, ya sauya igiyar caji, ya ɗora bakin mita a kan batir yana hutawa da kuma yana aiki, ya duba ko dalmar ƙafar kwayil ta tsage, sa'an nan ya auna mafita. Sai batir ya tsaya da ƙarfinsa, kwayil ya kuɓuta, bolt 5 kuma ya ƙi bayyana, sannan hujja ta tsaya a kan aisi. Wanda ya bi wannan tartibi ya tsare dukiyar talaka, bai sa shi sayen abin da bai lalace ba.