Kafin a soke lokacin wasan yara saboda BECE

A makarantu da yawa nan Nima da Maamobi, da zarar jarrabawar BECE ta gabato, abu na farko da ake sokewa shi ne lokacin wasa. A gida ma haka ne: daga boko sai makarantar allo, daga nan sai lesin. Ni malami ne, na san tsoron da ke sa iyaye yin haka, amma ban yarda da shi ba.

Ƙwaƙwalwar babban mutum na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ba haka kawai suke rayuwa ba. Akwai sinadaran furotin da jiki ke haɗawa da kansa, su ke raya ƙwayoyin, su sa su fitar da rassa su sadu da juna. Wata likita 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ta gano na farkonsu, NGF, a shekarun 1950 tana bincike da ƙwan kaza, kuma ita da Stanley Cohen suka karɓi kyautar Nobel a 1986. Tun jariri na ciki, jiki kan yi ƙwayoyin jijiya fiye da bukata, sai su yi ta rububin sinadarin kamar masu neman trotro da sassafe. Wadda ta samu ta rayu, wadda ta rasa ta mutu.

Wanda ya fi shafarmu a aji shi ne BDNF, da aka tace a 1982. Yana da yawa a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon karatu, hadda ce ko lissafi, yana ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi. A 1995 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka ga ya ƙaru a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka bari suna gudu. To, ɓera ba yaro ba ne, amma a mutane ma an ga motsa jiki na ƙara shi a jini. Doguwar fargaba kuwa rage shi take yi a dabbobin gwaji. Malamai masu dorina, kun dai ji.

Wani zai ce ina filin? Gaskiya lungunanmu a matse suke, Kawukudi kuma ba zai ɗauke kowa ba, balle 'yan mata da ake tsarewa wajen wanke-wanke. Amma ampe da tsallen igiya ba sa cin wuri. 'Yan ajina minti 20 suke yi a ƙofar aji kafin darasin lissafi, har a makon jarrabawa.