Hutu A Tsibiran Okinawa: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin A Ɗaure Kaya

Idan maigida ya ce a zaɓi ƙasar da za a kai yara hutu, Dubai ko Masar ko Malesiya ne suka fi saurin faɗo mana a rai. To yau ga wani wuri da ba a cika ambatonsa ba, wato Okinawa, jerin tsibiran da ke can kudancin ƙasar Japan, waɗanda suka miƙa har kusa da Taiwan. Wuri ne mai kyau da kwanciyar hankali, sai dai Musulmar da ta je ba shiri za ta iya cin haram ba ta sani ba.

Yanayi da wuraren gani

Daga Tokiyo zuwa Naha, babban birnin Okinawa, tafiyar kusan awa uku ce a jirgin sama. Ba a tsananin sanyi irin na sauran Japan, domin ko a watan Janairu yanayin yakan tsaya wajen digiri 17. Damina na kamawa a Mayu da Yuni, guguwar teku kuma ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba, har takan hana jirage tashi. Don haka ki shawarci maigida ku nufi Maris, Afrilu ko Nuwamba.

Yara za su more a gidan kallon kifaye na Churaumi da aka buɗe a 2002, inda za su ga jinbe, nau'in kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya. Wannan dama ce ta nuna musu ikon Allah ido da ido. A ƙaramin tsibirin Taketomi, wanda ake isa cikin kamar minti 15 a jirgin ruwa daga Ishigaki, ana zaga gari a amalanken da ɓauna ke ja, tsakanin gidaje masu jan rufi da katangun dutsen murjani.

Okinawa masarauta ce mai zaman kanta mai suna Ryukyu tun 1429, sai a 1879 Japan ta haɗe ta. Fadar sarakunanta, Shuri, ta yi gobara a Oktoban 2019, aka shiga sake gina ta. A 1945 an gwabza ƙazamin yaƙi a nan tsakanin Amurka da Japan, mutane wajen 200,000 suka halaka, kusan rabinsu farar hula. Ku je filin tunawa da ke Itoman, inda aka rubuta sunayen mamata sama da 240,000 a jikin duwatsu, yara su san darajar zaman lafiya.

Hattara da kwanon abinci

Nan ne gizo ke saƙa. Mutanen Okinawa masu cin alade ne ƙwarai. Taliyarsu da ake kira Okinawa soba, da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da ba ki ga tsoka a kai ba. Goya champuru, wani soye ne na goya, ɗan'uwan garahuninmu mai ɗaci, shi ma galibi da alade a ciki. Akwai kuma mirin, ruwan ɗanɗano mai giya da ake zubawa a miya. Saboda haka ki sa a rubuta miki da Japananci cewa ba kwa cin alade ko kitsensa ko abin da aka sa wa giya, ki riƙa nunawa kafin ku yi oda. Mafi sauƙi ma ku kama masauki mai kicin, ki sayi ɗanyen kifi, ƙwai, shinkafa, awara, dankalin nan nasu mai ruwan hoda mai duhu, da abarba, ki yi girkinki. Kada ki manta da yajinki.

Salla da sutura

Masallatai a Japan kaɗan ne, kuma sun fi yawa a manyan birane, don haka ku tafi da darduma da jadawalin lokutan salla. Mu nan gabas muke fuskanta, can kuwa alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Agogonsu yana gaba da na Nijeriya da awa takwas. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru, ku tambayi malami ƙa'idojinsa tun kuna gida. Tsarki ba zai yi wuya ba, domin yawancin banɗakunan otal suna da mafesar ruwa.

A bakin teku za ki ga baƙi masu shigar da ba ta dace ba, sai a runtse ido, a zaɓi sassafe kafin a cika. Amma su kansu 'yan gari da yawa da riga suke shiga ruwa saboda zafin rana, don haka suturarki ba za ta zama abin kallo ba. Kada yara su yi iyo sai inda aka kewaye da raga, domin daga Yuni zuwa Oktoba akwai habu-kurage, wata halittar ruwa mai mugun dafi. Wuraren wankan ruwan zafi na jama'a kuwa tsirara ake shigarsu, ki nesance su.

Tsarabar da ta fi tsada

Tsofaffin Okinawa, musamman na ƙauyen Ogimi, sun yi suna wajen tsawon rai. Suna da al'adar hara hachi bu, wato a janye hannu daga kwano kafin a cika ciki. Ashe ba abin da Manzon Allah (SAW) ya koya mana ke nan ba, na raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi? Suna kuma da moai, wani irin adashi da ke haɗa ƙawaye har tsufa. Da na baya suka rungumi soye-soyen kanti da naman gwangwani, sai ƙiba ta yawaita, har mazan Okinawa suka faɗo na 26 cikin jihohin Japan 47 wajen tsawon rai a ƙididdigar 2000. Ki dubi abin da 'ya'yanki ke ci yau.

A ƙarshe 'yar'uwa, tafiyar na da tsada, ga biza, ga sauya jirgi a hanya. Idan ba ku sauke farali ba, ko akwai bashi ko kuɗin makaranta a kanku, su ne a gaba. Idan kuwa Allah ya hore, ku je da niyyar ganin ayoyinsa, ku dawo da addininku cikakke. Allah ya sa mu dace, amin.